Daga Zariya zuwa Kano a kan keke, cikin iskar hunturu

Tsakanin Zariya da Kano akwai kilomita 137 bisa lissafin masu aikin titi, kuma idan aka haɗa da ratsa cikin garuruwan biyu, wato daga Tudun Wadan Zariya zuwa cikin Kano, tafiyar takan doshi kilomita 150. Motar haya tana cinye wannan nisa cikin awa biyu, shi ya sa da yawa daga cikinmu mutanen Zariya, duk da yawan zirga-zirgarmu zuwa Kantin Kwari da kasuwar Singa, ba mu san hanyar ba sai ta tagar mota, kuma ba mu riƙe komai a kanta ba in ban da sunayen wuraren da direba yake rage gudu saboda cunkoson kasuwa ko shingen jami'an tsaro. A kan keke kuwa wuni guda ne cur, daga bayan sallar Asuba zuwa goshin Magariba, kuma a wannan wuni iska ta fi ƙarfin ƙafar mahayi da tsadar kekensa iko a kan tafiyar.

Dalilin haka a bayyane yake ga duk wanda ya dubi taswira. Kano tana arewa maso gabashin Zariya, kuma daga can ne iskar hunturu take busowa tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, ɗauke da ƙurar Sahara. Saboda haka wanda ya tashi daga Zariya ya nufi Kano a ƙarshen Janairu, kamar yadda muka yi ni da abokin tafiyata, ya san cewa gaba da gaba zai yi da iska tun daga Kwangila a Zariya har Na'ibawa a Kano. Da damina al'amarin yakan juya, domin iskar da take kawo ruwa daga kudu maso yamma take tasowa, tana tura mai keke ta baya. Sai dai hadari ba ya sallama, kuma babu mai son ruwa ya tsare shi a tsakiyar daji tare da manyan motocin da ba sa ganin gabansu. Bazara kuwa ba a ma maganarta, domin a watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a wannan yanki. Mun zaɓi hunturu saboda sanyinsa, da kuma saboda shi ne lokacin da hanyar take cike da aiki, ana saran rake a ƙasar Zazzau, ana tsinkar tumatir a ƙasar Kano. Gaskiya ne Zariya ta fi Kano tudu, domin tsayinta ya haura mita 600 daga bakin teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba, amma wannan gangara ta watsu a cikin dogon nisa har ƙafa ba ta jin amfaninta, kuma a tsakani akwai hawa da sauka bila adadin waɗanda fasinjan mota bai san da zamansu ba.

Kekunanmu na gwanjo ne, irin masu giya da ake shigowa da su daga Turai, masu tayoyi matsakaita waɗanda ba su yi sirantar na tsere ba. Kafin tafiyar mun kai su wurin wani mai gyaran keke a Sabon Gari, ya sauya robar birki, ya wanke kaca da kananzir ya ɗiga mata mai, sannan ya bi sifokin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa har taya ta daina layi idan an juya ta. Kayanmu ba su da yawa: tif na ajiya, famfo, sifana, gorunan ruwa, dabino da soyayyar gyaɗa, man kaɗe saboda leɓe, da tabarau da ƙyallen rufe hanci saboda ƙura. Duka a kan kariya muka ɗaure su. Jakar goyo tana da kyau ga ɗan makaranta, amma wanda zai wuni a kan sirdi ya goya ta, to kafin Azahar kafaɗarsa da gadon bayansa za su riga ƙafarsa gajiya.

Mun tashi daga Tudun Wada gari bai gama wayewa ba, muka ƙetare gadar Kubanni, muka ratsa PZ shaguna duk a rufe sai masu shayi da suke hura wuta, muka bi ta Kwangila muka kama titin Kano. Sanyin wannan lokaci yana shiga yatsu har mutum ya kasa matsa birki yadda ya kamata, amma shi ne lokaci mafi daraja a wunin, domin iskar hunturu takan kwanta da dare, ba ta tashi sosai sai rana ta ɗaga. Duk kilomitan da aka ci kafin ƙarfe tara da rabi an same su da araha, saboda haka mun yi shawara tun da farko cewa ba za mu tsaya ko'ina ba kafin Tashar Yari.

Titin kansa, tun bayan aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara a 2018, yana da santsi da faɗi a wannan ɓangare, kuma yana da fili a gefe wanda ya ishi keke. Sai dai wannan fili ba na mai keke ne shi kaɗai ba. A nan ne 'yan acaɓa suke biyowa ta hannun da ba nasu ba don gudun dogon zagaye, a nan manoma suke shanya barkono da masara, kuma a nan ne duk tarkacen titi yake taruwa, daga fasasshen gilashi zuwa siraran wayoyin da suke fita daga tayoyin manyan motoci idan sun fashe. Abin da ya fi buƙatar sabo shi ne wucewar tirela. Za ka fara jin rugunginta ta baya, sannan kafin kanta ya iso daidai da kai wata iska ta ture ka zuwa hannun dama, wajen daji; da zarar jikinta ya fara wucewa sai iskar ta juya ta fizgo ka zuwa hagu, wajen tayoyinta, kuma wannan fizgar ce mai haɗari. Dabarar ita ce ka riƙe kan keke da hannu biyu ba tare da ka sandare ba, ka ci gaba da taka feda, ka zuba ido gaba, kada ka waiwaya kallon motar, domin inda ido ya bi nan keke yake bi. Direbobin tirela da tanka, in za a faɗi gaskiya, sun fi na ƙananan motocin haya ba mai keke haƙƙinsa, domin yawancinsu sukan yi hon tun daga nesa su ɗan karkata.

Daga bayan gari ƙasar rake ce, ƙasar Kudan da Makarfi, inda fadamu suke cike da shi, kuma a wannan lokaci ƙamshin mazarƙwaila yakan iso titi tun kafin a hango hayaƙin. Ana matse raken a inji, ruwan ya gangara cikin manyan tukwanen ƙarfe, a yi ta dafa shi da busasshen totuwar da aka matse har ya yi kauri ya koma ruwan ƙasa, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. A wannan yanki ne muka cim ma wani dattijo a kan tsohon keke ƙirar Phoenix, wanda ba shi da giya ko ɗaya, an yi wa kariyarsa walda da rodi, an ɗora mata damman rake har sun zarce faɗin keken ta kowane gefe. Yana tafe sannu a hankali, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa, diddigensa ne a kan feda, kuma kan keken ba ya ko rawa duk da nauyin da ke bayansa.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya ce, "Yauwa, sannunku samari. Ina aka nufa da sanyin safiyar nan?"

Muka ce Kano, in Allah ya yarda. Ya dubi kekunanmu, ya dubi 'yan ƙunshin da ke kan kariya, ya ce, "Kano ta Dabo? To me aka ɗauko?" Da muka gaya masa ba mu ɗauko komai ba, ganin hanya kawai muka fito, sai ya yi murmushi ya ce, "To Allah ya kai ku lafiya. Ku taka tun iska ba ta farka ba."

Irin wannan dattijo su ne masu hanyar na ainihi. Kowace ranar kasuwa suna cin nisan da ɗan birni zai yi alfahari da shi a Facebook, da kayan da ya fi su nauyi, idan sun zo hawa su sauka su tura, kuma babu wanda ya taɓa kiran abin da suke yi motsa jiki. Keken Raleigh da na Phoenix sun yi wa karkarar Arewa hidimar da ba a cika lissafa ta ba, wajen kai hatsi kasuwa da kai mara lafiya asibiti da kai malamin makaranta ƙauyen da mota ba ta zuwa, kuma har yau ba su yi ritaya ba.

A Tashar Yari, inda hanyar Makarfi ta rabu, muka karya kumallo da shayi da burodi da soyayyen ƙwai. Kafin mai shayi ya gama sheƙa shayin daga kofi zuwa kofi yara sun kewaye kekunan suna ƙirga haƙoran giya, manya kuma sun fara tambaya, kuma tambayar farko ita ce wane ɗan siyasa muke yi wa tattaki. Ba laifinsu ba ne. Tun daga 2015, da wani matashi ya tako a ƙasa daga Legas zuwa Abuja don murnar cin zaɓen Muhammadu Buhari, duk wanda aka gani yana doguwar tafiya a ƙafa ko a keke ana sa ran ganin hoton wani gwamna ko sanata manne a ƙirjinsa. Da suka tabbatar babu hoto babu tuta, sai zato ya koma kan aljihu, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane da dama sun kakkaɓe kekunan da suka jingine. Mai shayin ya matso kusa ya rage murya don kada ya kunyata mu, ya ce, "Malam, in kuɗin mota ne ya gagara ku faɗa mini, akwai direban da zai tashi yanzu, ɗan'uwana ne, zai rage muku hanya." Mun yi masa godiya ƙwarai, kuma ban ga alamar ya gamsu da bayanin da muka yi masa ba.

Iska ta farka jim kaɗan bayan mun bar Tashar Yari. Da farko ganyen bishiyoyin gefen hanya ne suka fara kaɗawa, sannan hazo ya sauko har rana ta koma fara fat ana iya kallonta, sannan keken ya yi nauyi kamar an ɗaura masa buhun masara. Lissafin abin ba shi da wuya. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, saboda haka mai tafiyar kilomita 20 a awa, idan iska mai gudun kilomita 15 ta fuskance shi, jikinsa yana keta iskar kilomita 35 ke nan, kuma turjiyar da yake fama da ita ta ninka ta lokacin da babu iska kusan sau uku. Wanda ya dage sai ya riƙe gudunsa na safe zai ƙone ƙarfinsa cikin awa guda. Abin yi shi ne a sauko zuwa giya mai laushi, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri ba tare da dannawa da ƙarfi ba, a sunkuyar da ƙirji, a kuma daina duban agogo. Amfanin tafiyar mutum biyu ya fito a nan, domin ɗaya yakan shiga gaba ya tare iskar, ɗayan ya laɓe a bayansa tayarsa ta gaba kusa da ta bayan na gaban, bayan kamar minti goma a yi musanya. Wannan yana buƙatar yarda da juna, saboda na baya ba ya ganin rami ko dutse sai na gaba ya nuna masa da hannu, kuma na gaba ba shi da ikon taka birki ba zato.

A cikin waɗannan tuddai da muke hawa muna sauka ne ruwan ƙasar yake rabuwa gida biyu, ba tare da wata alama a bakin titi ba. Ruwan saman da ya sauka ta ɓangaren Zariya yana bin Kubanni da Galma zuwa kogin Kaduna, daga nan zuwa Neja har teku. Wanda ya sauka ta ɓangaren Kano kuwa yana bin kogin Kano da Challawa zuwa kogin Haɗeja, ya nufi tafkin Chadi. Mai keke yana ganin sauyin a hankali a jikin ƙasa, domin jar ƙasar Zazzau tana ta yin haske tana komawa jigawa, bishiyoyin kaɗanya da ɗorawa suna raguwa, kuka da gawo suna ƙara bayyana a tsakiyar gonaki.

Mun isa Kwanar Ɗangora rana ta kusa tsakiya. Nan ne kusan rabin tafiya, a cikin jihar Kano, kuma mahaɗa ce babba, domin daga nan hanya take fita zuwa Kiru da Gwarzo, wata kuma zuwa Tudun Wada ta jihar Kano da dajin Falgore har Jos. Mun ci shinkafa da wake da mai da yaji, muka bi da fura da nono, kuma a ganina babu abincin da ya fi fura dacewa da irin wannan tafiya, domin tana da gero mai riƙe ciki da ruwa mai kashe ƙishi, kuma ba ta sa nauyin jiki. Batun ruwa yana da yaudara a hunturu. Saboda bushewar iska gumi yana ƙafewa tun kafin ya jiƙa riga, sai mutum ya ɗauka ba ya zufa, alhali farin gishirin da ke kwance a kan rigarsa da gefen fuskarsa yana ba da wani labari dabam. Mun riƙa sha kafin mu ji ƙishi, kuma a gora ɗaya mun haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake koya wa iyaye mata a asibiti, wato lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, saboda gudun ɗaurewar jijiya.

Gab da Dakatsalle tayata ta baya ta sace. Muna da tif na ajiya, amma da yake an hango mai faci a gindin wata bishiyar darbejiya kuma lokacin Azahar ya yi, sai muka tura kekunan zuwa wurinsa. Saurayi ne, kayan aikinsa duka a cikin wani akwatin katako. Ya kifa keken a kan sirdi, ya sa ƙarafa biyu masu faɗin baki ya ɓanɓare gefen tayar, ya zaro tif. Famfonsa bai shiga bawul ɗin ba, domin kekunan Turai da yawa suna zuwa da siririn bawul wanda famfon bakin hanya bai san shi ba, saboda haka da namu ya yi aiki. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa matafiyi ya ɗauki famfonsa. Ya ba tif ɗin iska, ya riƙa nutsa shi kaɗan-kaɗan a cikin rabin jarka mai ruwan da ya yi baƙi, har wasu ƙananan kumfa suka fara tasowa a jere. Ya soka tsinke a hudar don kada ta ɓace masa, ya goge wurin da tsumma, ya kankare shi da samfefa, ya yanko ɗan zagayayyen faci daga tsohon tif da almakashi, ya shafa gam a duka biyun da ɗan yatsa, sannan ya ajiye su ya koma hira da mu kamar ya manta. Abokina ya ce masa muna sauri, ya ce, "Malam, sauri ya haifi nawa. In aka manna shi da ɗanyen gam, ba za ku kai Ciromawa ba." Sai da gam ɗin ya daina kama yatsa ya haɗa su, ya ɗora a kan guntun ƙarfe ya bubbuga da katako. Kafin ya mayar da tif ya zura yatsunsa a cikin tayar yana shafawa a hankali har ya tsaya a wuri guda, ya sa filaya ya zaro wata waya siririya da ba ta fi gashin gemu tsawo ba, ya ɗora mini a tafin hannu.

Mun tarar an idar da jam'i a masallacin da ke kusa, sai muka yi tamu raka'a biyu, domin tafiyar ta wuce mil 48 da malaman Malikiyya suka ƙayyade wa ƙasaru. Masallatan bakin hanya su ne zangon mai keke na gaskiya, saboda a nan ake samun inuwa da buta da tabarmar miƙe baya, kuma ba a rasa wanda zai ce ka bar keken zai duba maka.

Wannan yanki ƙasar Bebeji ce, kuma da yake a ƙarshen Janairu muke tafe, ba zai yiwu mai sha'awar tarihi ya wuce bai tuna ba cewa a irin wannan mako ne, ranar 29 ga Janairun 1903, rundunar Turawan mulkin mallaka ƙarƙashin Kanar Morland ta tashi daga Zariya ta nufi Kano. Sun fasa Bebeji ranar 1 ga Fabrairu, suka shiga Kano ranar 3 ga wata, lokacin Sarkin Kano Alu yana can wajen Sakkwato. Kusan mako guda suka yi da dawakai da 'yan ɗaukar kaya a kan nisan da muke neman gamawa kafin faɗuwar rana, cikin wannan hazo da wannan iska. Bayan shekara takwas, a 1911, layin dogo ya bi ta Zariya ya isa Kano, kuma daga lokacin ne zangon fatake na tsakanin garuruwan biyu suka fara rasa baƙinsu.

Bayan Ciromawa ƙasa takan sauya launi farat ɗaya. Tun safe ido ya saba da ruwan toka da busasshen karan dawa, sai ga kore shar hagu da dama har iyakar gani, tumatir da albasa da alkama da masara, ruwa yana gudu a magudanan siminti a tsakiyar rani. Wannan shi ne aikin noman rani na Kadawa, wanda yake shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Mu mutanen Zariya muna da hannu a nan, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar gwajin noman rani a Kadawa. Iskar da ta ratso ta kan ruwa da ganye tana da ɗan danshi, kuma hanci da maƙogwaro ne suka fara shaida haka. A Kwanar Gafan dole muka sauka muka tura, saboda kasuwar tumatir ta cika har ta malalo bakin titi. Kwanduna ne jere a ƙasa, an rufe bakinsu da takarda da ciyawa an ɗaure da igiya, 'yan dako suna ɗora su a kan tireloli hawa-hawa, dillalai suna ciniki da ƙarfi, kuma ƙasan wurin ya yi ja da wanda ya fashe. Yawancin wannan kaya Legas ya nufa, tafiyar kusan kilomita 1,000 ba tare da na'urar sanyaya ba, kuma duk wanda ya ga yadda kwandon sama yake danne na ƙasa ya san cewa ba duka zai isa ba. A nan kusa ne kamfanin sarrafa tumatir na Dangote yake, wanda aka buɗe a 2016, shekarar da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir na Kano da Kaduna har farashinsa ya gagari talaka. A gefen hanya kuma mata da yara suna yanka wanda bai samu mai saye ba suna shanya shi ya zama kauɗa.

Daga Kadawa zuwa Kura ba nisa, amma a nan gajiya ta kama mu sosai. Ƙafa ba ita ce ta fi kuka ba. Tafin hannu ne ya mutu saboda dogon dafa kan keke, wuya ya ƙage, kuma zama a kan sirdi ya zama abin da sai an riƙa miƙewa tsaye a kan feda lokaci-lokaci kafin a iya jure shi. Hira ta ɗauke tsakaninmu, kowa yana kallon tayar ɗan'uwansa. A Kura, garin shinkafa, inda injinan casa suke ruri kuma ake shanya turarriyar shinkafa a kan tamfol ko'ina, muka yi La'asar, muka sha rake da ragowar dabino. Sauran kusan kilomita 30, kuma sa'ar da muka ci ita ce iska ta fara sassautawa da yamma, kamar yadda ta saba.

Ƙarshen tafiyar shi ne mafi ƙarancin daɗi. Daga gadar Tamburawa, kusa da inda kogin Challawa yake haɗuwa da kogin Kano, motocin tifa masu ɗiban yashi suke shigowa titi suna zubar da shi a gefe, kuma yashi a kan kwalta abokin gabar siririyar taya ne. Daga nan gari ya fara, da masu a-daidaita-sahu da suke tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu ba tare da sigina ba, da hayaƙin da ya haɗu da hazo har fitilun motoci suka fara aiki tun rana ba ta faɗi ba. Mun kunna jar fitilar baya, muka rage gudu, muka bi layi ɗaya har Na'ibawa, kuma ana kiran Magariba muna shiga Unguwa Uku, inda wani ɗan'uwan abokina yake jiranmu da ruwan wanka mai zafi da tuwon shinkafa.

Washegari da hantsi muka je tasha neman motar Zariya, duk da cewa da mun hau kekunan iskar da ta wahalar da mu jiya ita za ta tura mu gida; ƙafa ta yarda, mazauni ne ya ƙi. Ɗan kamasho ya zagaya kekunan sau biyu ya ce kowanne kuɗin kujera guda ne, domin a cewarsa keke ya fi buhu cin wuri. Muka kwance tayoyin gaba, muka sassauta kan muka juya shi ya kwanta a jikin keken, muka nuna masa cewa duka biyun za su shiga but a kan kayan da ke ciki. Bayan doguwar jayayya, wadda direban da wasu fasinjoji biyu suka sa baki, aka daidaita a kan kuɗin kujera ɗaya na kekunan biyu, da sharaɗin mu sayi igiyar ɗaurewa da kanmu.